Na cire wa Chevrolet C10 ta 1972 kafireta na ɗora Holley Sniper: ga yadda ta kaya

Motar da nake magana a kanta a-kori-kura ce, Chevrolet C10 ƙirar 1972, mai inji silinda takwas wanda Amurkawa ke kira 350, wato lita 5.7. A nan Greensboro, jihar Carolina ta Arewa, na saye ta a hannun wani dattijo manomi da ƙarfinsa ya fara ja baya. Ba don ado na ajiye ta ba. Da ita nake ɗauko katako da takin lambu, da ita muke kwashe kayan 'yan'uwa idan za su sauya gida, kuma duk babbar salla ita ke zuwa gona ɗauko ragunan layya na gidaje da dama. Mota ce mai aiki, saboda haka abin da nake nema a wurinta shi ne in murɗa makulli ta tashi, ko da sanyi ko da zafi.

Hukuncina tun farko shi ne na'urar Holley Sniper, wato injekta mai fesa mai da ake ɗorawa a gurbin kafireta, ta biya mini wannan buƙata, kuma da za a koma baya zan sake saye. Amma duk wanda ya ce maka aikin yamma ɗaya ne, ka cire kusoshi huɗu ka ɗaura huɗu, to bai gaya maka rabin zancen ba. Abin da ke cikin kwalin shi ne ɓangare mafi sauƙi. Wahalar da kuɗin suna cikin tanki da wayoyi da salansa.

Bari in fara da yi wa tsohuwar kafireta adalci, domin na ga mutane da yawa suna zaginta ba tare da sun fahimce ta ba. Rochester Quadrajet ce, wadda kamfanin General Motors ya yi ta ɗora wa motocinsa tun 1965 har zuwa 1990. Bakinta huɗu ne, biyu na gaba ƙanana, biyu na baya manya ƙwarai. A tafiyar yau da kullum ƙananan kaɗai ke aiki, shi ya sa ba ta cika shan mai ba, sai ka taka totur sosai manyan su buɗe, ka ji wata irin kururuwa daga ƙarƙashin bonet. Dabara ce mai kyau. Na girma a garejin kawuna a Kaduna, inda Peugeot 404 da 504 ke cika fili, na san daɗin kafireta idan ta samu hannu. Tawa ma na wanke ta, na sauya mata gasket da fulot, na daidaita cok, wato murfin da ke rage iska don inji mai sanyi ya samu mai da yawa.

Abin da wanki bai magance ba shi ne man da ake sayarwa yanzu. Kusan duk gidan man da ka shiga a Amurka fetur ɗinsa na ɗauke da sinadarin itanol har kashi 10 cikin 100. Wannan man yana saurin tafasa. Idan ka yi doguwar tafiya a watan Yuli ka tsaya sallar la'asar, zafin injin sai ya hau sama ya dafa man da ke cikin kwanon kafireta. Wani ya ƙafe, wani ya tsiyaya cikin manifol, hanyar da ke kai mai da iska cikin silindoji. Ka fito ka murɗa makulli, sai inji ya yi ta juyawa ba ya kamawa, warin fetur ya cika wuri, sai ka danne totur har ƙasa kafin ta yi tari ta tashi da baƙin hayaƙi. A cunkoso kuma man kan tafasa tun a cikin bututu kafin ya iso, famfon da ke jikin inji ya riƙa tura tururi maimakon mai, mota ta mutu a gaban fitilar hanya. Da hunturu wani salo ne daban: ka taka totur sau biyu don cok ya rufe, ka tayar, ka zauna jiran ta ɗumama, in ka yi gaggawar saka giya ta mutu. Idan kuma ta yi mako ba a tayar ba, kwanon ya bushe, sai batir ya sha wahala kafin mai ya iso. Maiɗakina ta daina karɓar makullinta gaba ɗaya, kuma ban ga laifinta ba.

To, ga abin da na saya. Holley tsohon kamfani ne da ya yi suna a ƙera kafireta tun zamanin motocin farko na Ford, ya kuma daɗe yana da cibiya a Bowling Green a jihar Kentucky. Na ɗauki Sniper mai baki huɗu, samfurin da suke kira 4150. In ka gan ta daga nesa sai ka rantse kafireta ce, kuma idan ka mayar da murfin filtar iska ba mai gane an taɓa komai. A cikinta akwai injekta huɗu, kuma ƙwaƙwalwar, wato 'yar kwamfutar da ke lissafin man, na manne a jikinta, ba sai ka nemi wurin ɓoye wani akwati a ƙarƙashin dashbod ba. Sensa na totur da na iskar da ke shiga da na matsin manifol duk suna ciki. Biyu kaɗai za ka ɗaura da kanka: na zafin ruwan inji, da na hayaƙi wanda ake saka wa a salansa, ƙirar Bosch. Sai wani ɗan allo na hannu mai inci 3.5 da ake latsawa da yatsa. Kamfanin ya ce tana iya ciyar da inji har mai ƙarfin doki 650, abin da ya ninka ƙarfin nawa fiye da sau biyu. Akwai wani samfurin da aka ƙera ya zauna daidai a gurbin Quadrajet, amma wanda ya riga ni mallakar motar ya riga ya sauya manifol zuwa na alminiyam mai karɓar iri biyu, don haka wani siririn faranti kawai na shimfiɗa a tsakani don kada iska ta sata.

Ya kamata mai saye ya san cewa wannan ba irin injektar motocin zamani ba ce da kowace silinda ke da tata. A nan daga sama ake fesa man, ya bi ta manifol kamar yadda yake bi a zamanin kafireta. Irin tsarin da General Motors da kansa ya koma a a-kori-kurarsa a 1987 ke nan, sai dai wannan ya fi wancan wayo nesa ba kusa ba. Mai son kowace silinda da injektarta sai ya duba irin Edelbrock Pro-Flo, wadda ke zuwa da nata manifol, kuɗinta kuma ya fi. Akwai kuma FiTech mai kama da Sniper a tsari. Ni abin da ya ja ni ga Holley shi ne yawan masu amfani da ita a nan yankin, duk shagon kayan tsere da ka shiga za ka samu kayanta da wanda ya san ta.

Yanzu ga inda aikin yake, wato mai.

Famfon da ke jikin inji yana ba kafireta matsin da bai wuce 5 zuwa 7 ba a ma'aunin psi. Sniper tana son kusan 58 zuwa 60. Ninki goma ke nan. Wannan bambanci shi ke rusa duk tsohon tsarin mai na motar. Tsohon famfo ya tashi daga aiki, sai a cire shi a toshe gurbinsa da faranti. Tsohon tiyo na roba ba zai ɗauki wannan matsi ba, dole a sa wanda aka yi don injekta, mai lambar SAE 30R9 a jikinsa, da maɗauran da ba sa yanka roba. Ina roƙon duk mai karanta wannan kada ya yi wasa da batun tiyo. Fetur mai matsin 60 idan ya samu ƙofa ba ɗiga yake ba, feshi yake yi, kuma salansa mai zafi na nan kusa. Ana kuma buƙatar filta biyu, mai faɗin ido ta maikuron 100 kafin famfo, da mai ƙaramin ido ta maikuron 10 bayansa. Sannan a ja bututu na biyu da zai mayar da rarar mai tanki, domin na'urar da ke daidaita matsin tana jikin Sniper ɗin ne, abin da ya yi saura dole ya samu hanyar komawa. Wannan zagayen da man ke yi ba tsayawa, ga kuma matsi, shi ne ya kashe matsalar tafasa. Mai ba ya samun damar zama wuri ɗaya ya dahu.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Kafireta tana da kwano, kamar randa ce a tsakar gida, ko an ɗauke ruwan famfo na ɗan lokaci akwai na sha. Injekta ba ta da randa, kai tsaye take sha daga bututu. Idan tanki ya yi ƙasa ka sha kwana, man ya gudu gefe guda, famfo ya zuƙi iska na daƙiƙa ɗaya, nan take inji zai yi shaƙuwa. Shi ya sa tankin injekta ke da shinge a ciki da wani ɗan gurbi da ke tare mai a kusa da bakin famfo. Tankin 1972 ba shi da wannan.

Kuma tankin C10 daga 1967 zuwa 1972 a cikin ɗakin direba yake, a tsaye a bayan kujera. Sai a 1973 aka fitar da shi waje. Duk wanda ya taɓa tuƙa irin wannan mota ya san ƙarar mai na kaɗawa a bayan kunnensa da warin da ke tashi idan an cika tanki da rana. Ana iya barin sa a ɗaura famfon lantarki a jikin shasi a ƙasa da tankin, mutane da yawa sun yi haka kuma yana aiki. Amma famfon lantarki ya fi iya turawa a kan zuƙowa, na waje kuma yana da ƙara yana kuma ɗaukar zafi. Ni na zaɓi in kashe kuɗin sau ɗaya: na sayi sabon tanki da ke zama a ƙarƙashin bodi a bayan aksul, tsakanin ƙarafan shasi, da famfo mai lita 255 a awa a nutse a cikinsa. Man da ke kewaye da shi ke sanyaya shi, kuma da ƙyar ake jin motsinsa. Tayar safiya, wato tayar ajiya, ta rasa wurinta, yanzu a cikin bodi take kwana, na yarda da wannan asarar. Ɗakin direba kuwa ya rabu da wari, har yarana suna shiga ba sa toshe hanci. In za a tambaye ni abu ɗaya da ya fi kowanne amfani a duk aikin nan, tankin nan zan nuna.

Wani abokina ya sayi famfo mai araha a intanet, marar suna, ya ɗaura wa tasa. Na je taya shi neman dalilin da ya sa take shaƙewa a hawa, muka sa ma'auni muka ga matsi na faɗuwa da zarar an taka totur. Araha ba ta ado. Ka sa ma'aunin matsin mai a layin tun ranar farko, kuɗinsa kaɗan ne, kuma shi zai raba ka da zargin ƙwaƙwalwa a kan laifin famfo.

Sai wayoyi. Littafin da ke cikin kwalin ya ce jar waya da baƙa su tafi kai tsaye kan batir, ba kan kik ba, ba jikin inji ba, ba akwatin fiyus ba. Ka bi wannan kamar yadda aka rubuta. Ƙwaƙwalwar tana zaune ne a tsakiyar inji, kusa da distiributa da koyil da wayoyin fulogi masu ɗauke da dubban bolt, kuma hayaniyar lantarki na iya rikita ta. Batir shi ke tace wannan hayaniya. Saboda haka ne ma na sauya fulogi zuwa masu rezisto, na sa wayoyin fulogi irin masu danne hayaniya, na kuma bi da wayoyin na'urar nesa da su, inda ya zama dole su haɗu na sa suka gitta juna maimakon su jera.

Akwai wata waya mai ruwan hoda da ke buƙatar cikakken bolt 12 a lokacin da makulli ke kunne da kuma lokacin da kik ke juyawa. A tsofaffin motoci wannan ba abin da za ka ɗauka da wasa ba ne. Motar 1972 da tsohon tsarin wuta na kontak ta fito, wayar da ke zuwa koyil kuma da gangan aka yi ta mai rage wuta, ba ta kai 12 idan inji na tafiya. Wasu layukan kuma suna ɗaukewa ɗif a daidai lokacin da ake tayarwa. In ka jona a irin wannan wuri, allo zai kawo wuta lafiya, ka murɗa makulli ya mutu, mota ta ƙi tashi, ka yi ta neman laifi inda babu. Na sa mita na gwada layukan ɗaya bayan ɗaya ɗana na murɗa mini makulli, a ƙarshe na ja sabon layi ta rile. Altanetar asali ma na sauya ta da mai ƙarfi, domin famfo da injekta da hitar sensa duk wuta suke ci, tsohuwar kuwa an yi ta ne don fitilu da rediyo.

Sensan hayaƙi shi ne idon na'urar. Da shi take gane ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ta gyara a take. Ana ɗaura shi kaɗan bayan inda bututan gefe ɗaya suka haɗu, a ɗage aƙalla digiri 10 sama da kwance don kada ruwan da ke taruwa a salansa ya kwanta a kansa, kuma a bar bututu mai tsawo a bayansa. Kwalin na zuwa da wani maɗauri da ake ɗaurewa ba walda, amma na fi natsuwa da walda. Na kai wani shagon salansa suka yi mini, sai dai sun bar wata 'yar ƙofa a gefen waldar da ido ba ya gani. Ga abin da ke faruwa: hayaƙi ba a miƙe yake fita ba, bugu-bugu yake yi, tsakanin bugu da bugu sai iskar waje ta kutsa ta ƙofar. Sensa ya ga iska ta yi yawa, ya ce mai ya yi kaɗan, ƙwaƙwalwa ta ƙara mai. Mota ta riƙa wari, fulogi su yi baƙi, alhali allo na nuna komai daidai. Abin da ya tona asirin shi ne ganin na'urar tana ta ƙara mai fiye da kima a silo kaɗai, wato lokacin da inji ke juyawa ba a taka totur ba. Na shafa ruwan sabulu a wurin da inji a sanyaye, na tayar, kumfa ta tashi. Aka sake waldar, na share abin da ta koya, magana ta ƙare. Kafireta ba ruwanta da salansa mai yoyo, za ta yi shekara goma a haka. Injekta ba ta yafe wannan.

Tayarwar farko ba ta da wani tashin hankali. Allon zai tambaye ka silinda nawa, girman inji nawa, silo nawa kake so, kam ɗinka, wato sandar da ke buɗe bawul, na asali ne ko na tsere, wane irin tsarin wuta kake da shi. Ka amsa, ka kashe makulli ka kunna, ka ji famfo ya yi ɗan kuka ya tsaya, ka zagaya ka duba ko akwai yoyo, sannan ka tayar. Ta kama nan da nan. Bayan ta yi zafi akwai dunƙule ɗaya da za ka juya har allon ya nuna ƙofar iskar silo tana tsakanin kashi 2 zuwa 10, totur kuma yana kan sifili. Mutane da yawa suna tsallake wannan, sai su zo suna kukan silo na hawa yana sauka.

Batun cewa tana koyo da kanta gaskiya ne, amma da sharaɗi. Ba ta fara koyo sai zafin ruwa ya kai digiri 160 a ma'aunin Amurkawa, kusan 71 ke nan a salshiyos. Idan an cire wa motarka tamostat, kamar yadda ake yawan yi a gida da sunan maganin zafi, to da sanyi ba za ta kai wannan matakin ba, kuma ba abin da za ta koya. Sannan abin da ka nuna mata shi take koya. Dole ka fita da ita cikin gari da babbar hanya, da kaya da babu kaya, a hankali da kuma da ƙarfi. Yadda take ba da mai lokacin tayarwa da sanyi kuwa ba ya cikin abin da take koya, wannan da hannu ake gyarawa a allo, kaɗan-kaɗan, kowace safiya sau ɗaya tunda sau ɗaya inji ke yin sanyi na gaske a yini.

A tuƙi, abin da na fara ji shi ne totur ya yi kaifi. Dalilin a fili yake: Quadrajet ƙananan baki biyu take fara buɗewa, ita kuwa wannan duka huɗun ke buɗewa tare. Taɓawa kaɗan sai mota ta zabura, abin da ba ka so idan kana ja da baya da tirela. Ana sayar da ɗan ƙarfen da ke ƙara wa hannun totur tsawo, na sa shi, tafiyar feda ta ƙaru, ta koma yadda ƙafata ta saba. Giyar motar otomatik ce, TH350, don haka sai da na nemi maƙalin da zai riƙe wayar da ke sauko da giya idan an taka sosai, na kuma mayar da tiyon iskar giya gurbin da ya dace. Mai giya 700R4 ya kula ƙwarai a nan, domin a tasa wannan waya ita ke daidaita matsin man giya, in ta kauce giyar na iya ƙonewa. Kururuwar nan ta Quadrajet kuwa ta tafi, kuma ina kewarta.

Sauran kuwa sai hamdala. Da asubar Janairu, gilashi duk ƙanƙara, ina zura hannu ta taga in murɗa makulli ba tare da na taɓa feda ba, ta tashi, silo ya ɗan hau ya sauko da kansa. A zafin Agusta na kashe ta na dawo bayan rabin awa, ta tashi kamar ba a yi komai ba. Hanyar 421 da ke tashi daga nan ta ratsa Winston-Salem da Wilkesboro ta hau duwatsu zuwa Boone ita ce ma'aunina. Greensboro ba ta kai mita 300 daga teku ba, Boone kuwa ta haura mita 1,000, iskar can ta fi ta nan sirantaka da kusan kashi 8 cikin 100. Kafireta ba ta san an hau dutse ba, man da take bayarwa a ƙasa shi take bayarwa a sama, sai mota ta yi nauyi tana wari. Yanzu ina kallon allon yana rage man da kansa muna hawa. Ƙarfin da siririyar iska ke ragewa yana nan, ba na'urar da za ta mayar da shi, amma injin yana numfashi a tsabtace. Maiɗakina ta koma tuƙa ta, har takan riga ni ɗaukar makulli ranar Asabar.

Ƙarfi fa? Ban ji wani ƙari na a zo a gani ba, kuma ban sa rai ba. Kafireta mai lafiya da injekta kusan ƙarfi ɗaya suke bayarwa idan an taka har ƙasa. Shan mai ya ɗan ragu, musamman a gajerun tafiye-tafiye da sanyi inda cok kan yi ɓarna, amma mota ce mai siffar akwati da giya uku, ba za ta taɓa zama mai tsimi ba. Wanda zai saya don ya mayar da kuɗinsa daga rarar mai zai daɗe yana jira. Na'urar kaɗai ta haura dala 1,000, kuma da na haɗa tanki da famfo da tiyo da filtoci da altaneta da walda, abin ya kusan ninkawa.

Da na ba kawuna labari a waya, shiru ya yi, sannan ya ce, "Kai yaro, mu nan injekta muke cirewa mu sa kafireta, kai kuma ka je can kana yin akasin haka?"

Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, man nan na nan ne ba ya jituwa da ita."

Ya ce, "To in ta tsaya maka a daji fa? Kafireta da sukundireba da bakinka za ka busa jet ka kama hanya. Wannan kuwa wa za ka kira?"

Maganarsa tana da nauyi, kuma ban ɗauke ta maganar tsoho mai ƙin sabon abu ba. Masu mayar da injekta kafireta a garejojin gida suna da hujjarsu: man 'yan bumburutu da ba ka san abin da aka gauraya masa ba yana toshe injekta yana kashe famfo, sensa na asali na da wuyar samu, mai na'urar bincike kuma ba a kowane gari yake ba. Mai tsohuwar 504 ko Land Cruiser da ke shiga ƙauyuka, ban ba shi shawarar ya yi abin da na yi ba. A nan lissafin ya bambanta ne saboda man gidan mai tsabtatacce ne, kaya kuma na isowa ƙofar gida cikin kwanaki kaɗan. Duk da haka gaskiyar Kawu na nan ko a nan ɗin. Idan famfon cikin tanki ya mutu a hanya, sai motar ja. Saboda haka a akwatin dashbod ina ajiye sensan hayaƙi na safiya da rile da fiyus, allon hannun kuma kullum yana jone, domin shi ke gaya mini zafin ruwa da ƙarfin batir da abin da kowane sensa ke gani. Quadrajet ɗin ma ban sayar ba. Na tsiyaye ta na naɗe a leda, tana kan kanta a gareji tare da tsohon famfo. Motocin 1967 zuwa 1972 suna daraja a kasuwar masu tara tsofaffin motoci, wani mai sayen zai so kayan asali.

Mutum biyu zan hana saye. Na farko mai motar nuni, wadda ake fitarwa sau kaɗan a shekara, komai nata na asali. Bar ta yadda take, ka nemi gidan man da ke sayar da fetur marar itanol, akwai su a jihar nan. Na biyu, kuma shi ya fi yawa, mai injin da ba shi da lafiya yana fatan na'ura ta warkar da shi. Idan zobban fistin sun gaji, ko bawul na yoyo, ko manifol na satar iska, ko distiributa ta yi sako-sako, injekta ba za ta ɓoye wannan ba, ƙara fito da shi za ta yi, domin duk lissafinta a kan abin da sensa ya gaya mata yake. Injin da ke ƙona baƙin mai ma yana kashe sensan hayaƙi da wuri. Kafin na yi odar komai sai da na auna matsin kowace silinda, na ga sun yi kusa da juna, na tabbatar taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, na zaune. Mazauna jihohi masu gwajin hayaƙi kuma su duba dokarsu tukuna. A Kalifoniya, misali, a cikin tsofaffin motocin fetur, na 1975 zuwa baya ne kaɗai aka ɗauke wa gwajin.

Abu ɗaya da ban taɓa ba har yanzu shi ne taimin. Sniper na iya riƙe shi ma, idan aka haɗa ta da distiributar da ta dace, irin HyperSpark ta kamfanin. A yanzu distiributa irin HEI ce a motar, wadda General Motors ya fara sakawa a tsakiyar shekarun 1970, da nauyinta da sifirin ɗinta da tiyon iska, ita ke yanke lokacin wuta, na'urar kuma mai kaɗai take kula da shi. Da gangan na raba aikin biyu, domin in wani abu ya tashi in san ɓangaren da zan duba. Waɗanda suka miƙa mata taimin suna cewa silo ya fi zama daram, musamman idan an saka giya ko an kunna fanka, saboda wuta ta fi ƙofar iska saurin gyara juyin inji. Na riga na sayi distiributar, tana cikin kwalinta. Sai an gama jigilar ragunan babbar salla zan ɗaura, kada in taɓa motar a lokacin da mutane ke jiran ta.